Rantsuwar Bahago Magini

Duk wanda ya tashi a Kusfa ya san Malam Bahago magini, ko bai san fuskarsa ba ya taɓa jingina da katangar da ya gina. Ni 'yarsa ce, Jamilatu, kuma tun yanzu in faɗa muku, zafin zuciyarsa na gado, haƙurin ne ban samu ba. Sunansa na yanka Sagiru, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da shi ba sai yayarsa, Goggo Batulu, ita ma sai in ranta ya ɓaci.

Hannun hagun da ya jawo masa sunan abin kallo ne. Tafin kamar faifai, yatsun duk kanta. Yana zaune a bisa katanga za a jefo masa tubali daga ƙasa, ya cafe da hagu ba tare da ya duba ba, ya dasa shi, ya miƙa hannu don wani. Tsofaffin unguwa sun ce a samartakarsa ba a yi masa gardama sau biyu.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu suka kama ginin ɗakin soro a gidan da aka kai Goggo Batulu aure, nan cikin Kusfa. Wani mai jakai da ake kira Dogara shi ke kawo musu ƙasa. Ran nan Dogara ya yi gaggawa, ya bi da jakansa ta tsakiyar tubalin da aka shanya, aikin kwana uku ya koma taɓo. Baba ya diro daga bisa katanga, ya kai masa hannu sau ɗaya a gefen kai. Dogara ya zube, jini na fita ta kunne da hanci, ƙafarsa na shure-shure kamar kazar da aka yanka. Bai mutu ba, amma kunnensa na dama bai sake jin komai ba har ya bar duniya.

Da yammacin ranar kakanmu ya sa Baba ya yi alwala, ya zaunar da shi a zaure gaban maginan da ke aiki tare da su, ya ɗora masa Alƙur'ani a hannun nan na hagu. Baba ya rantse ba zai ƙara ɗaga hannu ga ɗan Adam ba, komai abin da aka yi masa. Wannan rantsuwar ita ce dukiyarsa. Ba shi da gona, ba shi da mota, amma in ana lissafa mutanen kirki a unguwa sai a ce, "Ga Bahago, shekara kusan arba'in bai taɓa ko ɗan cikinsa ba."

Kada ku ɗauka zuciyar ce ta mutu. Tana nan daram, hanya ya nema mata. In aka ɓata masa rai sai ya naɗe wando, ya shiga ramin kwaɓi a bayan gida ya yi ta taka ƙasa har gumi ya jiƙa shi. Muna yara in muka ga Baba yana kwaɓi da tsakar rana alhali ba shi da aiki a hannu, mun san wani ya taɓo shi, sai kowa ya kama kansa. Duka kuwa Innarmu ce ke yi, kuma ta yi nata ta yi nasa.

Mu biyu ne a wurinsa, ni da yayana Rilwanu. Goggo Batulu ba ta taɓa haihuwa ba, don haka tun da aka yaye Rilwanu aka miƙa mata shi, a ɗakin soron nan ya girma. Ita ce uwarsa, Innarmu haihuwa kawai ta yi. Da ya girma ya ƙi gini ya koyi walda, kuma ban ga laifinsa ba. Kowa ya koma bulo da kwano, sana'ar Baba ta zama ta toshe tsaga da gyaran indararo, wani lokaci sai ya yi wata guda ba wanda ya neme shi.

Ana cikin haka Nasrullahi ya dawo. Ɗan unguwa ne, gidansu na bayan namu, ya yi boko ya buɗe kamfanin tafiye-tafiye a Abuja. Ya tara dattawa a zauren mai unguwa ya yi musu bayani: akwai masu yawon buɗe ido da ba kallo kaɗai suke so ba, so suke su yi aikin sa-kai, su gyara tsofaffin gine-gine da hannunsu, kuma su za su biya don a bar su su yi. Dattawa suka kalli juna, don ba su taɓa jin lebura ya biya mai aiki ba. Kalma ɗaya ce ba ta barin bakin Nasrullahi, "ci gaba mai ɗorewa". Kafin mako ya zagayo unguwa ta raɗa masa suna Mai Ɗorewa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba na son mutumin. Shekarar farko abin ya yi kyau. Baƙi goma sha biyu ya kawo, wasu daga Legas, wasu Turawa, aka ba Baba su ya koya musu. Ku zo ku ga ƙattin mutane a ramin kwaɓi, santsi na kwashe su suna faɗuwa zaune daɓas suna dariya. Sun yashe lambatun layinmu, sun gyara zauren wata makarantar allo, mata sun sayar da fura da huluna. Baba ya yi ƙiba a watan nan. Ya ce min, "Jamila, ashe akwai masu son sanin abin da na sani."

Matsalar ita ce ginin ƙasa ba ya son gaggawa. Sai an jiƙa ƙasa da busasshiyar ciyawa an bar ta ta yi kwanaki tana tsima ana juya ta. In an ɗora layi kaɗan sai a dakata ya sha iska. In an gama a shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango, kuma duk shekara sai an sabunta. Su kuwa baƙi kwana goma gare su, kuma kowa so yake ya ga abin da ya gama da hannunsa, ya ɗauki hoto kafin jirginsa ya tashi. A shekarar farko wasu sun yi ƙorafin sun tafi sun bar bango rabi.

Shekara ta biyu Nasrullahi ya zaɓi ɗakin Goggo Batulu, don ya fi kowane tsufa da kyan zane a layin. Ina wurin, na kai wa Baba abincin rana, sai ga kura an turo shaƙe da buhunan siminti.

Baba ya ce, "Nasrullahi, wannan na mene ne?"

"Filasta za mu yi masa, Baba. Kwana takwas ya rage wa baƙin, makuba ba za ta samu ba. Kuma siminti sau ɗaya ake yi a huta, ba sai duk shekara ba. Ai shi ne ɗorewar."

"Yaro, ginin ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. In ka rufe masa jiki da siminti, ruwa zai samu tsaga ya shiga ta sama, ba zai samu ƙofar fita ba. Waje yana sheƙi, ciki yana ruɓewa. Ni na gina ɗakin nan, na san shi."

Nasrullahi ya juya ya faɗa wa baƙin wani abu da Turanci, suka yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho. Sannan ya dafa kafaɗar Baba a gaban mutane, ya ce, "Baba, zamani ya wuce nan. Ka huta, mun samo masu filasta. Har indararon nan masu tsawo za mu cire mu sa gajerun bututu, suna ɓata fuskar ginin."

Na ga hannun ya tashi. Wallahi na gan shi, har ya kai daidai kafaɗa, jijiyoyin wuyan Baba duk sun miƙe. Zuciyata na cewa sauke masa, Baba, sauke masa. Sai ya juya ya dunƙule shi ya naushi buhun da ke saman kura. Buhun ya fashe, gari ya turnuƙe wurin, wata Baturiya ta yi ƙara ta ja baya. Fatar yatsunsa ta ɗaye, jini na ɗiga a kan garin siminti.

Sai ga Goggo Batulu ta fito da mayafinta a hannu. Ta ce, "Sagiru, ɗakinka ne ko nawa? Shekara arba'in ina zaune cikin ƙasa kamar gara. Kowace mace a layin nan an yi mata siminti da fenti, sai ni da Allah ya kawo min nawa har gida za ka tare? Ka fita min daga hanya."

Shi ke nan magana ta ƙare. A gidanmu ƙane ba ya ja da yaya a gaban jama'a, ko da furfura ta cika masa kai. Baba ya ce, "To, Yaya." Ya tafi ramin kwaɓi, bai fito ba sai da aka kira magariba.

Aka yi filasta, aka shafa fenti shuɗi, baƙin suka tsoma tafukansu a farin fenti suka manna a bango don tunawa. Abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Goggo ta yi ta kiran ƙawayenta suna zuwa kallo.

Tun daga nan Baba ya ɗauki wata al'ada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya je gaida yayarsa, kafin ya shiga ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango da gaɓar yatsa, kunnensa a manne. Damina ta farko ta wuce lafiya, samari suka fara tsokanarsa, "Malam Bahago, me bango ya ce yau?" Da damina ta biyu ta kama, ya dawo gida wata Juma'a ya kasa cin abinci. Ya ce sautin ya canza, simintin ya rabu da ƙasa, abin da ke bayansa ya yi laushi.

Ya roƙi Goggo ta dawo gidanmu har ruwa ya ɗauke. Ta ce ba inda za ta, baƙin ciki yake yi don ba shi ya yi aikin ba. Ya kira Nasrullahi a waya sau biyu, shi kuwa Nasrullahi ya ce masa a bari sai rani, akwai baƙin da za su zo ganin aikin, bayan nan a duba. Ran nan Baba ya ɗauki diga ya tafi zai fasa filastar da kansa. Goggo ta shimfiɗa tabarma a gindin bango ta zauna, ta ce, "Bismillah, fara ta kaina." Ya dawo da digarsa a kafaɗa.

Cikin watan Agusta aka yi ruwa kwana uku ba ɗaukewa. Ranar Talata bayan azahar muka ji wani gurnani, ƙasa ta girgiza, kwanukan da ke kan kanta suka yi ƙara. Baba bai tambayi kowa ba, ya fita a guje ba takalmi, na bi shi. Ɗakin ya zauna gaba ɗaya. Manyan ɓaraguzan siminti shuɗi a sama, ƙasar da ke ƙarƙashinsu kamar kunu, azara sun karye sun soke ciki.

Da hannu aka tona don kada shebur ya same ta. Baba ne ya fara cin karo da ƙafarta. Shinkafa take tsincewa, farantin na nan a cinyarta ya lanƙwashe. Azara ta danne mata ƙirji, bakinta da hancinta cike da laka. Baba ya share mata fuska da gefen rigarsa, ya ce, "Yaya, na zo." Rilwanu ya iso daga wurin walda ya tarar ana fito da ita. Bai yi kuka ba, kuma shi ne abin da ya ba ni tsoro. Bayan la'asar aka kai ta.

Washegari da hantsi ana zaman makoki a zauren gidan sai ga Nasrullahi. Wannan kam dole in yaba masa, da ƙafarsa ya zo, ba wanda ya jawo shi. Ya ajiye mota a bakin layi, ya shigo da farar shadda, ido jajir. Bai kai ga durƙusawa gaban dattawa ba Rilwanu ya shaƙo wuyan rigarsa ya fizgo shi waje.

Kafin ka ce me samari sun cika lungun. Wani ya sheme shi da katako a baya, ya faɗi, ya tashi, aka sake kwashe ƙafafunsa. Da ƙafa, da hannu, da duk abin da aka samu. Na ji ƙarar gilashin motarsa ana farfasawa a bakin layi. Shaddar ta koma ja, haƙoransa biyu a cikin taɓo, yana kare kai da hannu yana cewa, "Ku yi wa Allah." Wani daga baya yana ihu a kawo taya da fetur. Dattawa na magana ba mai jin su. Mu mata muna tsaye a bakin ƙofa, kuma ba zan ɓoye ba, da bakina na ce ku kashe shi. Har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina, amma na faɗa.

Suka ja shi har gaban ɗakin da ya rushe. Rilwanu ya sunkuya ya ɗauko wani ƙaton ɓaraguzan siminti da hannu biyu, da tafin wani baƙo da farin fenti a jikinsa, ya ɗaga shi bisa kan Nasrullahi.

A lokacin Baba ya fito daga zaure. Samarin suka dare suka ba shi hanya, don kowa ya ɗauka ya zo karɓar nasa rabon ne. Wa ya fi shi haƙƙi? Ni ma haka na zata, har na ji wani mugun daɗi.

Ya ce, "Rilwanu, ajiye."

"Baba, shi ya kashe ta."

"Na ce ka ajiye."

Rilwanu bai ma san ana yi ba. Idonsa ya juye, ya ƙara ɗaga dutsen sama ya gyara tsayuwa. Sai hannun hagun nan ya tashi, wannan karon bai tsaya a kafaɗa ba. Ƙarar ta cika lungun kamar an fasa tulu. Rilwanu ya yi gefe ya zube, simintin ya faɗi kusa da kafaɗar Nasrullahi ya rabe uku. Jini ya fara silalowa daga kunnen Rilwanu na dama.

Tsofaffin da suka san zancen Dogara suka sunkuyar da kai. Baba ya tsaya da ƙafa ɗaya a kowane gefen Nasrullahi, ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Na riga na karya. Wanda ke son nasa ya matso." Ba wanda ya matso, mai riƙe da katako ma ya sake shi ƙasa a hankali. A keke napep ɗaya aka kai su asibiti, Baba a tsakiya, kan ɗansa a cinya ɗaya, kan Nasrullahi a ɗaya.

Nasrullahi ya rayu, yana ɗingishi har yau. Bayan shekara ya dawo ya durƙusa gaban Baba, ni dai ban fito na gaishe shi ba. Yanzu baƙinsa ba su wuce biyar ko shida, da rani kaɗai suke zuwa, kuma Baba ya gindaya sharaɗi: ba wanda zai gama komai. Waɗannan su kwaɓa ƙasa su tafi, na bayansu su ɗora tubali, na bayan waɗancan su shafa makuba. Aikin farko da ya sa su shi ne ɓamɓare siminti daga tsofaffin ɗakuna huɗu a layinmu. Wanda ya ji ba zai iya ba ya zauna gidansu.

Rantsuwa kuwa, malam ya ce ya ciyar da miskinai goma, ya ciyar, ta ɓangaren shari'a an gama. Amma likita ya ce kunnen Rilwanu ba zai dawo ba. Rilwanu ya yi wata bakwai in ya shigo gida sai dai ya gaida Inna ya fita. In ya haɗu da Baba a zaure ya durƙusa ya ce ina kwana yana kallon ƙasa, ya wuce.

Ni da ba na iya riƙe magana, ran nan na tarar da Baba a ramin kwaɓi na ce, "Baba, tunda dai za ka karya ta, me ya hana ka karya ta ranar siminti? Da ka mari Nasrullahi ran nan, da ya kwashi buhunansa ya gudu, da Goggo na nan."

Bai daina takawa ba. Ya ce, "Kina tsammanin akwai ranar da ba na wannan tunanin?" Can ya ƙara da cewa, "Amma gara Rilwanu ya rasa kunne da ya kwana da ran mutum a wuyansa. Ni na san nauyin rabinsa ma tun ranar Dogara."

Tun daga ranar makokin Baba bai sake ɗaga murya ya kira Rilwanu daga nesa ba. In yana da magana da shi sai ya dafa ƙasa ya miƙe, da gwiwoyin nan nasa da suka gaji, ya zagaya ta bayansa zuwa gefen kunnen da ke ji, ya cusa hannun hagu a aljihu, sannan ya yi magana a hankali. Ko "an kawo abinci" zai ce sai ya yi wannan zagayen. Rilwanu kuwa ya zauna ƙiƙam yana kallon gabansa, ya bar tsohon ya zagayo. Na sha shiga ɗaki in yi kuka saboda wannan.

Da Sallar da ta wuce muna zaune a tsakar gida bayan an ci tuwo, Rilwanu na kan tabarma, kunnen da ya mutu ne ke wajen Baba. Na ga Baba ya buɗe baki ya fasa, ya sa hannu a aljihu, ya dafa ƙasa da ɗaya zai tashi. Gwiwar ta ƙi, ya koma zaune, ya sake yunƙurawa. Sai Rilwanu ya juya jikinsa gaba ɗaya a kan tabarmar, ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta Baba, ya karkato masa kunnen hagu.

Ya ce, "Zauna, Baba. Ina ji."